Lambobi huɗu a takardar asibiti: yadda wayarka za ta taimaka a duba hantar mai ciwon suga

 Na san kun saba ganin rubutuna a kan wayoyi, batir da yadda ake koyon rubuta kod ko da mutum ba shi da kwamfuta. Yau zan ɗan leƙa asibiti, amma kada kowa ya gudu, domin kusan duk aikin da kalkuletar wayarka za mu yi shi. Idan akwai mai ciwon suga a gidanku, uba ko uwa ko kaka, to wannan rubutu naka ne.

Yadda abin ya faro

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Birni. Shekararsa 54, kuma shekara 6 ke nan da aka gaya masa yana da ciwon suga. Asalin gidanmu wani ƙauye ne kusa da kufan Alkalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir da aka ci da yaƙi a 1808. Rashin tsaro ya sa dangi suka taso suka dawo cikin gari, ni kuma neman abinci ya kawo ni Sakkwato.

Kowane gida akwai wanda ake yi wa kallon masanin waya. A namu gidan ni ne. Duk lokacin da Kawu ya je asibiti aka ba shi takardar gwaji, sai yaronsa ya ɗauke ta a hoto ya turo mini ta WhatsApp, wai in ajiye kada ta ɓata. A haka na tara hotuna fiye da 30 a cikin folda guda, ban taɓa tsayawa na karanta ko ɗaya da kyau ba.

Wata rana na zauna zan haɗa masa 'yar manhaja mai tuna masa lokacin shan magani da ranar komawa asibiti. Don in san irin gwaje-gwajen da ya kamata mai suga ya riƙa yi, sai na buɗe kundin ƙa'idojin da Ƙungiyar Masana Ciwon Suga ta Amurka, wato ADA, take fitarwa duk shekara. Na tarar da abubuwan da na sani: duba ido, duba ƙoda, duba ƙafa, auna hawan jini. Sai kuma na ci karo da wanda ban taɓa jin an ambata wa Kawu ba, wato hanta. Kundin ya ce babban mutum mai ciwon suga nau'i na 2, musamman mai ƙiba ko wata matsala irin ta hawan jini, a tantance shi don a ga ko kitse ya fara yi wa hantarsa tabo, ko da gwajin hantarsa na yau da kullum ya nuna lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matakin farko na tantancewar ba ya buƙatar wata na'ura. Lissafi ne na lambobi huɗu, kuma uku daga cikinsu suna kwance a cikin foldata.

Me ya haɗa suga da hanta?

A wurinmu idan aka ce hantar mutum ta lalace, tunani biyu ake yi: ko dai ciwon hanta na ƙwayar cuta, ko kuma shan giya. Akwai hanya ta uku da ba a cika magana a kanta ba, kuma tana kama wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba.

Mai ciwon suga nau'i na 2, jikinsa ba ya sauraron sinadarin insulin yadda ya kamata. Idan haka ta faru, kitsen da ke ajiye a jiki, musamman na tumbi, yakan riƙa tsiyaya cikin jini yana zuwa hanta. Ita ma hantar sai ta riƙa mayar da rarar suga zuwa kitse tana tarawa. Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, likitoci sukan ce an samu hanta mai kitse. A da sunan cutar NAFLD, amma a watan Yuni na 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya shi zuwa MASLD. Na kawo sunayen biyu ne don idan ka shiga bincike a Google kada ka ɗauka cututtuka biyu ne.

Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa kusan mutum 3 cikin manya 10 a duniya suna da kitse a hanta, a cikin masu ciwon suga nau'i na 2 kuwa fiye da rabi ne. A Najeriya, ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya ce manya kusan miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon suga. Ka ga ba ƙaramin taro ake magana a kai ba.

Yawancin masu kitsen nan ba za su taɓa kaiwa ga lalacewar hanta ba. Amma a jikin wasu, kitsen yakan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta ƙaruwa shekara da shekaru. Likitoci sun kasa tabon mataki-mataki daga F0 zuwa F4. A F4 hanta ta riga ta ƙandare, daga nan ne ake ganin ciki ya cika da ruwa, ko aman jini, ko sankarar hanta. Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da ke hanzarta wannan tafiya.

An ce jiki magayi, to amma hanta ba ta da saurin faɗa. Da na kira Kawu na fara yi masa bayani, dariya ya yi ya ce, "Kai ɗana, ni ban jin ciwon komi ga hanta, suga ɗai ad damuwata." Gaskiyarsa ne. Mutum yana iya kaiwa F3 yana zuwa kasuwa kullum bai ji komai ba. Shi ya sa ake tantancewa tun kafin alama ta fito.

Lissafin FIB-4

Sunan lissafin FIB-4. An fara wallafa shi a 2006, an kuma ƙirƙire shi ne don masu ɗauke da HIV tare da ciwon hanta nau'in C. Daga baya aka gwada shi a kan masu kitsen hanta aka ga yana aiki, musamman wajen ware waɗanda haɗarinsu kaɗan ne. Ga lambobin da yake buƙata:

1. Shekarun mutum.
2. AST. Yana cikin gwajin aikin hanta da ake rubuta wa LFT. Wasu takardun SGOT suke sa wa.
3. ALT. Shi ma a LFT yake. Wani sunansa SGPT.
4. PLT, wato adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Yana cikin gwajin ƙidayar jini da ake rubuta wa FBC.

AST da ALT sinadarai ne da ke zuba cikin jini idan ƙwayoyin hanta suna jin jiki. PLT kuwa yakan ragu idan tabo ya yi yawa, saboda jini yana samun cikas wajen ratsa hantar, sai saifa ta kumbura ta riƙa tsare ƙwayoyin, ga shi kuma hanta ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera su. Shekaru sun shigo ne domin tabo a hankali yake taruwa.

Ga tsarin: ka ninka shekaru da AST, ka ajiye. Sai ka nemo √ na ALT ka ninka shi da PLT. Daga nan ka raba amsar farko da ta biyu.

Idan ba ka ga alamar √ a kalkuletar wayarka ba, kwantar da wayar a gicciye, a yawancin wayoyi sauran maɓallan za su fito. Bari mu yi da lambobin Kawu: shekara 54, AST 38, ALT 36, PLT 190.

54 × 38 = 2052
√36 = 6
190 × 6 = 1140
2052 ÷ 1140 = 1.8

Masu amfani da Google Sheets ko Excel a waya, ku sa shekaru a A1, AST a B1, PLT a C1, ALT a D1, sai ku rubuta wannan a E1:

=A1*B1/(C1*SQRT(D1))

Ma'anar amsar kuwa ita ce:

Ƙasa da 1.3: da wuya a ce akwai tabo mai zurfi. A ci gaba da kula da suga, a maimaita lissafin bayan shekara 1 zuwa 2.

Daga 1.3 zuwa 2.67: tsaka-tsaki ne, lissafin bai iya yanke hukunci ba. Ana buƙatar gwaji na biyu.

Sama da 2.67: haɗarin yana da yawa, a nemi likitan hanta.

Ga wanda ya kai shekara 65 zuwa sama, ana ɗaga iyakar farko daga 1.3 zuwa 2.0, tunda shekarun kaɗai suna tura amsar sama. Ga wanda bai kai 35 ba kuwa, lissafin ba abin dogaro ba ne, yakan nuna lafiya ko da akwai matsala. Saboda haka yawancinmu da ke karanta wannan shafi, kada mu yi wa kanmu mu ce mun tsira. Iyayenmu za mu yi wa.

Ku lura da wani abu. AST 38 da ALT 36 na Kawu duk suna cikin iyakar da takardar ta nuna a matsayin daidai, babu wanda aka ja wa layi. Sai da aka haɗa su da shekaru da PLT sannan 1.8 ta fito.

Kuskuren da na fara yi

Kafin in kai ga 1.8 ɗin nan sai da na yi kwaɓa, kuma gara in faɗa don kada wani ya maimaita. Mutanen yankinmu da yawa sukan tsallaka Maraɗi neman magani, saboda kusanci da kuma zumunci. Takardar da ta fi sabunta a foldar Kawu daga can take, da Faransanci. A nan AST ya zama ASAT, ALT ya zama ALAT, wasu ma TGO da TGP suke rubutawa. PLT kuma an rubuta Plaquettes, a gabansa 190 000 /mm3.

Na rubuta ɗan shafina na HTML da JavaScript, na zuba 190000 yadda na gani. Amsa ta fito 0.0018, allon ya yi kore shar, da rubutun da ni na sa da hannuna: "Babu haɗari." Har na ɗauko waya zan yi wa Kawu albishir, sai zuciyata ta ce, anya lambar da ake auna ta da 1.3 za ta yi ƙanƙanta haka? Na koma na duba, ashe lissafin yana son PLT ne a ma'aunin 10⁹/L. 190 000 a kowace mm3 daidai yake da 190 a wancan ma'auni. Idan ka ga ×10³/µL ko G/L, su ma duk ɗaya ne da 10⁹/L, ba sai ka sauya komai ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na kira shi a ranar, da na kwantar wa mutum hankali a kan ƙarya, kuma da bakin manhaja, wadda mutanenmu suke ganin ba ta kuskure.

Ga 'yan uwana masu rubuta kod, darasi biyu na ɗauka. Na farko, duk lambar da mutum zai shigar a sa mata iyaka. Yanzu idan PLT ya wuce 2000, shafin yakan tsaya ya tambaya ko a raba da 1000, idan amsa ta fito a wajen hankali kuma ba ya nuna kowane launi. Na biyu, takardun Faransanci da waƙafi suke raba lamba, 38,5 maimakon 38.5. Idan ka miƙa wa parseFloat "38,5" zai ba ka 38 ya yi shiru, ba zai ce maka komai ba. Sai ka fara mayar da waƙafin ɗigo.

Abubuwan da ke rikita lissafin a yankinmu

Iyakokin 1.3 da 2.67 daga nazarin da aka yi a kan majinyata a Amurka suka samo asali, inda zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin lissafinsu. A wurinmu kuwa yana ciki tsundum.

Bayan na gyara kuskuren farko, na ga wata takardar FBC ta Kawu ta watan Agusta, PLT ɗinta 95. Na saka ta tare da sauran lambobin, amsa ta tashi 3.6. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da muka samu ganin likita a Sakkwato na nuna masa, tambayar farko da ya yi ita ce, "Alhaji, lokacin da aka ɗebi wannan jinin kana kwance ne?" Kawu ya ce ƙwarai, maleriya ce ta kayar da shi a tsakiyar damina. Likita ya ce maleriya tana karya PLT sosai na ɗan lokaci, tana ma iya ɗaga AST da ALT, saboda haka wannan takarda ba ta shiga lissafi. Ya kuma ja kunnena a kan haɗa lambobin watanni mabambanta.

Abin da na koya shi ne, a yi lissafin da jinin da aka ɗiba lokaci guda, kuma lokacin da mutum yake kan ƙafafunsa. Idan an yi zazzaɓi, a bari a warke, a ƙara 'yan makonni, sannan a sake gwajin. Mai sikila, mai juna biyu, da wanda ke da wata cutar jini, nasu lissafin sai likita.

Abu na biyu shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, nau'in C kuma kashi 1.1. Allurar rigakafin nau'in B sai a 2004 ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan, ka ga iyayenmu ba su same ta suna ƙanana ba. Idan FIB-4 ya hau a jikin mutumin Isa ko Sabon Birni, ba za a ɗora wa kitse laifi kai tsaye ba sai an duba waɗannan ƙwayoyin cuta. Gwajin HBsAg na ɗigon jini ne, cikin mintuna ake samun amsa. Wanda ya haɗa suga, kitse da nau'in B, hantarsa tana ɗauke da kaya uku, kuma nau'in B yana da maganin da ke danne shi.

Abu na uku shi ne jiƙe-jiƙe. Mai suga a wurinmu da wuya ka same shi ba ya haɗawa da wani sassaƙe ko garin magani da aka ce yana wanke ciki. Wasu daga cikin irin waɗannan suna taɓa hanta, suna ɗaga AST da ALT. Haka ma shan farasitamol fiye da ƙa'ida. A gaya wa likita duk abin da ake sha, ba tare da jin kunya ba. Sannan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da guba mai suna aflatoksin, wadda ke ƙara haɗarin sankarar hanta, musamman ga mai nau'in B. Wannan Kawu ya fi ni sanin yadda ake gane ta, tunda hatsi ne sana'arsa.

Dalilin da ya sa na yi shi ba ya buƙatar data

Akwai shafuka da manhajoji na likitoci irin su MDCalc da ke yin wannan lissafi kyauta. Amma duk wanda ya zauna a gabashin Sakkwato ya san sabis ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni suna ciki. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma farautar sabis ɗin Nijar. Tun daga lokacin na ɗauki al'ada: duk abin da zan gina wa mutanen gida, sai ya yi aiki ko an kashe data. Shafin nawa fayil guda ne ƙarami, ana tura shi ta Bluetooth ko Xender, a buɗe shi da Chrome. Wanda ba ya son wannan ma, kalkuleta ta ishe shi.

Akwai kuma batun hanya. Zuwa Sakkwato daga Sabon Birni ta Goronyo, ko daga Isa ta dajin Gundumi, ba tafiya ce da ake yi don nishaɗi ba. Kuɗin mota ne, da kwana a gidan dangi, da barin kasuwa, da addu'ar a isa lafiya. A nan ne na ga amfanin lissafin nan ya fi yawa gare mu fiye da mutanen da suka ƙirƙire shi. Idan ma'aikacin lafiya na kusa ya iya yin LFT da FBC, ya buga lambobi huɗu, zai san wa zai ce wa ya zauna gida ya dawo baɗi, wa kuma zai ce wa lalle ya kama hanya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato su ne inda ake tura manyan matsaloli daga yankinmu, kuma ya fi kyau a je da takardu a hannu da tambaya takamaimai.

Mataki na biyu: na'urar auna taurin hanta

Da yawa za su ce, ai sai a yi sikanin kawai. Sikanin na ciki da muka saba da shi yana iya nuna kitse idan ya taru da yawa, amma yakan kuskure kaɗan ɗin, kuma ba ya auna tabo da kyau. Tabon kuwa shi ne abin tsoro.

Na'urar da aka fi sani da wannan aiki ita ce FibroScan, ta kamfanin Echosens na Faransa. Yadda take aiki zai burge masu son fasaha. Ana ɗora kanta tsakanin haƙarƙarin dama, sai ta yi ɗan bugu a fata wanda ke aika girgiza cikin hanta. Daga nan ta bi girgizar da sautin da kunne ba ya ji, tana auna gudunta. Hanta mai laushi tana rage wa girgizar gudu, mai tauri kuwa da sauri take wucewa. Kamar yadda mai sayen kankana yake ƙwanƙwasa ta ya saurara ne, sai dai wannan da lamba take ba da amsa, a ma'aunin kPa. Ƙasa da 8 alama ce ta ƙarancin haɗari. Babu allura, babu yanka, cikin kamar minti 10 an gama, sai dai ana so mutum ya yi sa'o'i 3 bai ci komai ba.

Na'urar tana da tsada, a manyan asibitocin birane ake samun ta. Shi ya sa ake fara tacewa da FIB-4, don kada a tura kowa da kowa layin na'ura guda.

Idan an gano, sai me?

Labari mai daɗi shi ne hanta tana iya farfaɗowa idan an tare abin da wuri. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin, daga kashi 10 zuwa sama kuma tabon kansa yana iya raguwa. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 9 ke nan, a hankali cikin watanni. A auna ƙugu da tef ɗin tela: namiji ya wuce santimita 94, ko mace ta wuce 80, alama ce ta kitsen ciki, ko da mutum ba ya kama da mai ƙiba.

Lemun kwalba yana cikin abin da ya fi ciyar da kitsen hanta, har da na malt da ake kai wa marar lafiya dubiya. Kawu ya daɗe da daina sa suga a shayi, amma kullum da rana sai ya sha malt mai sanyi, yana ganin abin gina jiki ne. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana taimakawa ko nauyi bai sauka ba.

A ɓangaren magani, a watan Maris na 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko da aka yi musamman don kumburin kitsen hanta mai tabo. A Agustan 2025 ta ƙara da semaglutide, wanda dama ana ba masu suga da masu ƙiba. Duka biyun sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Akwai tsohon maganin suga mai suna pioglitazone da bincike ya nuna yana taimaka wa hanta, amma yana da nasa illolin, bai dace da mai ciwon zuciya ba. Kada wanda ya karanta sunan nan ya wuce kemis. Likita ne zai zaɓa. Kuma a sani, abin da ya fi kashe masu kitsen hanta shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka maganin hawan jini da na kitsen jini ba abin wasa ba ne.

Idan kuwa ido ya yi ɗorawa, ko ciki ya kumbura, ko an yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko mutum ya fara ruɗewa, a ajiye waya a nufi asibiti nan take. Wannan ya wuce kalkuleta.

Kula da sirrin iyayenka

Takardar gwaji tana ɗauke da suna, shekaru da lambar asibiti. Kada a jefa ta cikin guruf ɗin WhatsApp ana tambayar wa ya iya karantawa. Idan za ka tambayi ChatGPT ko makamancinsa, yanke sunan daga hoton tukuna, kuma ka sake buga lissafin da hannunka, domin su ma suna kuskuren ma'auni irin wanda na yi. Masu gina manhaja kuma su tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Nawa shafin ba ya tura komai ko'ina, da ka rufe shi lambobin sun tafi.

Inda Kawu yake yanzu

An yi masa gwajin nau'in B da C, duka babu, alhamdu lillahi. Sikanin ya nuna kitse a hantar. Likita ya ce da 1.8 ɗin nan yana so a auna taurin hantar, ya kuma sake masa tsarin magani. Wannan gwajin har yau ba mu yi ba, muna haɗa kuɗin tafiya, muna kuma jiran a gama hada-hadar kaka. Ya bar malt, yana zuwa kasuwa da ƙafa maimakon hawa kabu-kabu, daga kilo 88 ya dawo 84 cikin wata 4. Rannan da ya kira ni cewa ya yi, "To likitan waya, yaushe za mu koma?"

Ni ba likita ba ne, sakandare na gama na koyi kod a YouTube. Abin da na yi kawai shi ne na karanta takardun da ke cikin wayata, na kai tambaya inda ya dace. Kai ma yau da dare ka nemi takardun mai sugan gidanku, ka duba ko akwai AST, ALT da PLT na lokaci guda. Idan akwai, buga lissafin, ka rubuta amsar da kwanan wata a bayan katin asibitinsa. Idan babu, ranar da za a koma ganin likita ka raka shi, ka ce, "Likita, don Allah ko za a haɗa masa da LFT da FBC a duba FIB-4?"

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.